Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisa da jiga-jigan jam'iyyar shugaban da ke neman zarcewa

Masu girma sanatoci da 'yan majalisa da gwamnoni da duk wanda ake ce wa jigo a jam'iyya mai mulki, ranku ya daɗe, barkanku da ƙoƙari.

Ban sa sunan ƙasa a kan wasiƙar nan ba kuma da gangan na yi, don abin da zan faɗa ya faru a Washinton ya faru a Yamai ya faru a Banjul, in dai kuna da shugaba irin wanda nake nufi toh kun san da ku nake, ai kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ina nufin shugaban nan da ya raba ƙasa gida biyu, rabi na ganin Allah ne ya jeho musu shi rabi kuma ko sunansa ba sa son ji, wanda kusan kullum sai ya faɗi wata magana ko ya aikata wani abu da ku kanku sai kun yi ta kame-kame a gaban 'yan jarida wajen wanke shi, ga shi kuma wa'adi ya zo gangara yana neman a ƙara masa. Shi kam ban rubuta masa ba don na san ba zai karanta ba, in ma ya karanta ba ji zai yi ba. 'Yan adawa ma na ƙyale su, su dama aikinsu kenan su ce a'a, kuma a'arsu ba kasafai take tsayar da komai ba. Ku na zaɓa saboda duk inda na duba aka taka wa irin wannan shugaba burki, sai na tarar ƙafar ɗan gida ce a kan burkin.

Na san lissafin da kuke yi in kun keɓe, zai ci ko ba zai ci ba, in zai ci mu lallaɓa mu bi yarima mu sha kiɗa, in kuma jirgin zai nutse mu san inda za mu dira tun da wuri. Toh bari mu fara da lissafin naku. Zama a kan kujera yanzu ba garanti ba ne kamar da, ku dubi shekarar 2024 kaɗai mana. A Birtaniya jam'iyyar Conservative ta sha ƙasa bayan shekara 14, a Botsuwana jam'iyyar da ke mulki tun samun 'yanci a 1966 ta faɗi warwas, a Gana NPP ta faɗi, a Afirka ta Kudu ANC ta gangaro wajen kashi 40 cikin ɗari karo na farko da ta rasa rinjaye tun 1994, Modi na Indiya ma da ake ganin ba mai ja da shi sai da BJP ɗinsa ta tsaya a kujeru 240 ya koma neman ƙawance kafin ya kafa gwamnati. A Amurka jam'iyyar Biden ta rasa fadar shugaban ƙasa. Ƙasashe daban-daban, wasu masu ra'ayin riƙau wasu masu sassauci, amma abin da ya haɗa yawancinsu shi ne tsadar rayuwa, mutum in ya kasa cika tukunyarsa ba ruwansa da jawabin da kuka rubuta wa shugaba.

Amma kar in yaudare ku, yana iya ci ɗin. Erdogan na Turkiyya a 2023 ya shiga zaɓe bayan hauhawar farashi ta haura kashi 80 cikin ɗari a ƙarshen 2022, ga girgizar ƙasar watan Fabrairu da ta kashe mutum sama da dubu 50, masu sharhi da yawa har sun gama yi masa jana'iza, sai ga shi ya ci a zagaye na biyu da wajen kashi 52. Dalili ba ɓoyayye ba ne, akwai mutanen da suke ganin shi ne ya ɗaga darajarsu bayan an daɗe ana yi musu kallon ƙauyawa, waɗannan ko me ya yi suna tare da shi, sannan yawancin gidajen talabijin na hannun mutanensa, sannan 'yan adawa suka tsaida ɗan takarar da bai burge kowa sosai ba. Irin wannan shugaba zagin da ake masa ma abinci ne a wajensa, duk sanda aka zage shi sai magoya bayansa su ji kamar su aka zaga. Kuma babbar kyautar da yake samu ita ce rabuwar kan 'yan adawa. Moi na Kenya ya ci zaɓen 1992 da kashi 36 kacal, ya sake ci a 1997 da wajen kashi 40, don kowane ɗan adawa na ganin shi ya fi cancanta, ranar da suka haɗa kai a 2002 bayan Kibaki sai da suka kwashi sama da kashi 60 suka kada ɗan takarar da Moi ya tsayar. Saboda haka in kun tambaye ni zai ci ko ba zai ci ba, sai in ce ku leƙa kasuwa ku ji kukan mutane sannan ku ƙirga 'yan takarar adawa nawa ne a takardar ƙuri'a, amsarku na nan a tsakani.

Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Me za ku miƙa masa don ya ci, kuma in ya faɗi me za ku yarda ya yi? Don shi zai tafi wata rana ko yana so ko ba ya so, amma abin da kuka miƙa ba ya dawowa da sauƙi.

Mu masu jin Hausa har kalma muke da ita ta wannan cuta, tazarce, kuma a Nijar aka fi ganin ƙarshenta ƙarara. Tanja Mamadu ba mutumin banza ba ne, an zaɓe shi a 1999 an sake zaɓensa a 2004, talakawan karkara na sonsa tsakani da Allah, wa'adinsa na biyu zai ƙare a Disamban 2009 ya sauka da mutuncinsa. Sai 'yan kanzagi suka taso da waƙar a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya faro, madatsar ruwan Kandaji da gada ta biyu a Yamai da matatar mai ta Damagaram, kamar dai in ya sauka siminti zai daina kamawa. Kotun tsarin mulki ta ce ba zai yiwu ba. Ya rusa majalisa a watan Mayu, a watan Yuni ya rusa ita kotun ma wadda Salifu Fatimata Bazai ke shugabanta, matar da ta tsaya kai da fata ta ƙi sa hannu a kan abin da doka ta hana. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ce sama da kashi 90 sun amince a ƙara masa shekara uku. Shekara ukun nan wajen wata biyu kacal aka ci a cikinta, ranar 18 ga Fabrairun 2010 ana tsaka da taron ministoci sojojin Salu Jibo suka shigo fada suka yi awon gaba da shi. Jam'iyyarsa MNSD da ta yi shekara goma tana mulki ta faɗi a zaɓen 2011. Yanzu don Allah wa ya cuci Tanja, masu zanga-zangar da suka ce kar ya zarce ko abokan tafiyarsa da suka yi ta buga masa ganga?

Ku haɗa wannan da abin da ya faru a Abuja shekara uku kafin nan. A 2006 aka kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki mai ɗauke da gyare-gyare sama da ɗari, aka cusa wa'adi na uku a tsakiya kamar allura a cikin tuwo, PDP ce ke da rinjaye a majalisun biyu, ga raɗe-raɗin jakunkunan kuɗi na ta yawo, kowa ya ɗauka an gama. Shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani ɗan PDP ne, ba ɗan adawa ba. Abin da ya yi ba wani abu ne mai wuya ba, cewa ya yi a haska muhawarar kai tsaye a talabijin kuma kowane sanata ya tashi da bakinsa ya faɗi inda ya tsaya. Shikenan fa. Mutumin da ya yi alkawari a ɗaki cikin dare sai ga shi tsaye gaban kyamara ya san mutanen mazaɓarsa na kallonsa, sai ka ga yana ta zagaye-zagaye yana gyaran murya, wasu ma suka nemi hanyar zillewa daga zauren. Ranar 16 ga Mayu aka sa ƙuri'ar murya, masu cewa a'a suka yi rinjaye, ya buga guduma magana ta mutu. Obasanjo har yau cewa yake shi bai taɓa neman wa'adi na uku ba, toh mun ji, amma dai ƙudurin ba daga sama ya faɗo ba. Kuma ku lura shi kansa ya fi kowa cin ribar abin, don yau yana yawo duniya a matsayin dattijo ana tura shi sasanci, da an biye masa wa ya san a inda zai ƙare.

Kar ku ce wannan matsalar ƙasashe masu tasowa ce. Amurka da take tura masu sa ido zaɓen kowa, a 2020 Biden ya samu ƙuri'a wajen miliyan 81 Trump wajen miliyan 74, a ƙuri'un wakilan zaɓe 306 da 232, Trump ya ce sam shi an yi masa maguɗi. Shi da magoya bayansa suka shigar da ƙara sama da 60 kusan duka aka yi watsi da su, har da alƙalan da shi ya naɗa da hannunsa. Sai ranar 2 ga Janairun 2021 ya ɗauki waya ya kira Brad Raffensperger, jami'in da ke kula da zaɓe a jihar Jojiya, ɗan jam'iyyarsa ta Republican wanda shi ma Trump ɗin ya zaɓa. Wajen awa guda ana magana, shugaban ƙasa sukutum yana lallashi yana gargaɗi, yana cewa shi dai a nemo masa ƙuri'a 11,780, don tazarar da Biden ya ba shi a jihar 11,779 ce, wato a nemo daidai wadda za ta ɗara da ɗaya. Ku ɗan sa kanku a kujerar mutumin nan, uban jam'iyyarka ne a waya, ka san gobe magoya bayansa za su yi maka ca har gida. Bai ɗaga murya ba bai yi wani dogon wa'azi ba, ce masa ya yi ranka ya daɗe alƙaluman da ke hannunka ba daidai ba ne. An riga an ƙirga ƙuri'un jihar sau uku har da ƙirgen hannu. Kwana huɗu bayan nan Mike Pence mataimakinsa da ya yi shekara huɗu yana masa biyayya kamar ɗa da uba shi ma ya ƙi yin watsi da sakamakon jihohi, alhali masu zanga-zanga sun fasa ginin majalisa suna kiran a rataye shi.

Amma a daren nan dai, bayan an share gilasan da aka farfasa an koma zama, 'yan majalisar Republican 147 suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da sakamakon wasu jihohi. Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau don ku ne a wannan hoton. Majalisar wakilai ta tsige Trump karo na biyu, 'yan jam'iyyarsa 10 suka goyi baya, aka kai majalisar dattawa ranar 13 ga Fabrairu aka samu 57 da 43, ana buƙatar 67, wato sanata goma kacal suka rage a same shi da laifi, daga nan kuma a iya haramta masa sake riƙe muƙami. Mitch McConnell jagoran sanatocin Republican ya kaɗa ƙuri'ar wanke shi, yana gamawa ya miƙe ya yi jawabi yana cewa Trump ne ke da alhakin abin da ya faru, hujjarsa wai ai ya riga ya sauka kuma kotuna na nan. Wato kowa ya tura wa wani, majalisa ta ce kotu za ta yi, aka zauna jiran masu zaɓe su gama da shi, ana ganin ai ya mutu murus a siyasa. Toh kun ga yadda ta kaya. A Mayun 2024 kotu a New York ta same shi da laifuka 34, a Yuli kotun ƙoli wadda uku daga cikin alƙalanta tara shi ya naɗa su ta yanke cewa shugaban ƙasa na da kariya mai faɗi kan ayyukansa na ofis, a Nuwamba ya ci zaɓe da 312 da 226 har da rinjayen ƙuri'un jama'a, kuma wannan karon cin halak ya yi ba wanda ya ce an yi maguɗi. Ranar da aka rantsar da shi 20 ga Janairun 2025 ya yi wa mutum wajen 1,500 da aka tuhuma kan harin majalisa afuwa. Ni ba ina ce muku Amurkawa ba su da ikon zaɓen wanda suke so ba, suna da shi. Abin da nake nuna muku shi ne darasin da duk wani ɗan siyasa mai tasowa ya kwasa daga wannan labari, cewa za ka iya ƙin yarda da faɗuwa, ka nemi a juya sakamako, kuma ba abin da zai same ka in dai jam'iyyarka ta tsaya maka. Wannan darasin zai fi Trump tsawon rai.

A Birazil kuwa da aka yi kusan irin wannan wasan sai aka samu akasi. Bolsonaro ya daɗe yana sukar na'urar zaɓe tun kafin a je rumfa, ranar 30 ga Oktoban 2022 Lula ya kada shi da ƙyar, kashi 50.9 da 49.1, irin tazarar da ake tada ƙasa a kanta. A daren nan shugaban majalisar wakilai Arthur Lira wanda abokin tafiyar Bolsonaro ne ya fito ya amince da sakamakon, wasu gwamnoni da manyan da suka yi masa kamfe suka bi sahu, kafin gari ya waye ya duba bayansa ya ga ba kowa. Magoya bayansa sun fasa majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban ƙasa ranar 8 ga Janairun 2023 amma ihu ne bayan hari. Kotun zaɓe ta hana shi takara har 2030, a Satumban 2025 kuma kotun ƙoli ta yanke masa shekara 27 kan yunƙurin juyin mulki. Ana iya gardama kan ko alƙalan sun wuce gona da iri, 'yan ƙasar ma suna yi, amma dai sa'o'in farkon nan na daren zaɓe 'yan gida ne suka rufe ƙofa.

Abin da na ga kuna mantawa kullum shi ne makamin da kuka ƙera wa naku ba a binne shi da shi. Chavez na Benezuwela a 2004 ya faɗaɗa kotun ƙoli daga alƙalai 20 zuwa 32 ya cika ta da nasa, a 2007 ya nemi a cire iyakar wa'adi jama'a suka ƙi, ya sake dawowa da ita a 2009 ya samu. Masu goyon bayansa suka ce ai shi na talakawa ne kuma gaskiya a lokacin yana da jama'a. Sai ya mutu a 2013 Maduro ya gaji kujera da kotu da dokar baki ɗaya, ba tare da ya gaji farin jinin ba, da 'yan adawa suka ci majalisa a 2015 kotun nan ce aka yi amfani da ita aka mayar da majalisar hoto, mutum sama da miliyan 7 suka bar ƙasar. A El Salbador yanzu Bukele yana da farin jini na gaske don ya murƙushe 'yan daba, ba mai musun wannan, amma ranar farko da sabuwar majalisarsa ta zauna 1 ga Mayun 2021 ta kori alƙalai biyar na sashen tsarin mulki da babban lauyan gwamnati, sababbin alƙalan suka ce ai yana iya sake takara duk da tsarin mulki ya hana, ya ci da sama da kashi 80 a 2024, a Yulin 2025 majalisa ta cire iyakar wa'adi gaba ɗaya. Toh a ce shi mutumin kirki ne, wa ya ba su tabbacin wanda zai zo bayansa? In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, wannan ba don tausayin abokin gaba aka faɗe shi ba.

Sai kuma ɓarnar da ba a gani a takarda, wadda ita ta fi ba ni tsoro wallahi. Ranar da talaka ya yanke ƙauna cewa ƙuri'arsa na iya sauke shugaba, toh ya daina kare akwatin zaɓe, kuma duk wanda ya zo da bindiga zai tafa masa. Alfa Konde na Gini ya yi shekaru yana adawa har gidan yari ya shiga, ya zama zaɓaɓɓen shugaba a 2010, a Maris 2020 ya canza tsarin mulki ya zarce karo na uku bayan an kashe masu zanga-zanga da dama. Ranar 5 ga Satumban 2021 Mamadi Dumbuya ya kama shi, duniya ta ga hotonsa zaune a kan kujera ba takalmi sojoji sun kewaye shi, mutane suka fito titunan Konakiri suna murna. Mutanen da suka sha wuyar mulkin soja shekara da shekaru su ne ke yi wa soja tafi, ku tambayi kanku wa ya kai su nan. A Burkina Faso ma ranar 30 ga Oktoban 2014 da 'yan majalisa za su zauna su gyara wa shugaba Kampaore sashe na 37 na tsarin mulki da ya iyakance wa'adi, ginin majalisar jama'a suka cinna wa wuta, washegari ya sauka ya tsere.

Kar wani ya ce ɗan adawa ne ya rubuto wannan. Su ma ba mala'iku ba ne, Konden nan ai ɗan adawa ne jiya, Maki Sal na Senegal da ƙin tazarcen Abdullahi Wad ya hau a 2012, sai ga shi a Fabrairun 2024 ya ɗage zaɓe ana saura makonni uku, 'yan majalisarsa suka amince a kai shi Disamba bayan jami'an tsaro sun fitar da 'yan adawa daga zauren, sai da majalisar tsarin mulki ta ce ba ta yarda ba, aka yi zaɓe 24 ga Maris, Basiru Jomai Fai da bai fi kwana goma da fitowa daga kurkuku ba ya lashe a zagayen farko. Kujerar ce haka, duk wanda ya zauna sai ta raɗa masa cewa in ba shi ba ƙasa rushewa za ta yi.

Don haka ban ce ku bar jam'iyyarku ba, ban ce kar ku yi masa kamfe ba. Ku buga fosta ku hau mumbari ku tallata hanyoyin da ya gina, in jama'a sun sake zaɓensa Allah ya ba da sa'a, haƙƙinsu ne. Roƙona ɗan kaɗan ne. In ya aiko da sunan ɗan jam'iyya a naɗa shi shugaban hukumar zaɓe ku mayar masa da abinsa. In ya kawo dokar da za ta rage shekarun ritayar alƙalai ko ta ƙara yawansu ana gab da zaɓe ku tambaye shi me ya sa sai yanzu. In aka tashi kama babban abokin takararsa kamar yadda aka yi wa Imamoglu magajin garin Istanbul a Maris 2025, kwana ɗaya bayan an soke masa takardar digiri, kar ku ce ai kotu ce ba ruwanmu, kun san da ruwanku. Sannan tun yanzu, tun ba a san wa zai ci ba, ku fito ɗaya bayan ɗaya gaban kyamara ku ce duk sakamakon da hukuma ta bayyana kotu ta tabbatar za ku karɓa ko da naku ne ya faɗi, ba a fafe gora ranar tafiya, daren zaɓe in waya ta fara ƙara ba lokacin neman ƙarfin hali ba ne. Kuma duk ƙuri'ar da ta shafi wa'adi ko tsarin mulki a yi ta a fili da sunan kowa.

Na san tsoronku kuma ba zan ce na banza ne ba, tikiti ne. Cikin 'yan Republican goman nan da suka goyi bayan tsige Trump biyu ne kacal suka koma majalisa a zaɓen da ya biyo baya, Liz Cheney 'yar tsohon mataimakin shugaban ƙasa ta sha kaye mummuna a zaɓen fidda gwani a 2022. Gaskiya ne ana biyan farashi. Amma Raffensperger ɗin nan Trump ya tsaida masa abokin hamayya a fidda gwani a shekarar, ya kada shi ya kuma ci babban zaɓe. Kuma masu biyayyar ma ba tsira suke ba, ku tambayi 'yan majalisar Gambiya. Jamme ya faɗi zaɓen 1 ga Disamban 2016, Adama Baro ya samu kashi 43 shi kuma wajen 40, da farko ya kira ya taya murna, bayan mako guda ya ce ya fasa. Shugaban hukumar zaɓe Aliyu Momar Njai dattijo mai sama da shekara 80 ya ƙi juya sakamakon har sai da ya tsallaka Senegal don tsira da ransa. Su kuwa 'yan majalisar jam'iyyarsa ta APRC ana gab da cikar wa'adi suka zauna suka amince da dokar ta-ɓaci, suka ƙara wa maigida kwana 90. Kwana 90 ɗin nan ko mako ɗaya bai ci ba, ranar 21 ga Janairun 2017 da sojojin ECOWAS sun riga sun tsallako iyaka ya hau jirgi ya nufi Ikwatoriyal Gini ya bar su a Banjul suna kallon juna. A watan Afrilu aka yi zaɓen majalisa, jam'iyyar da ke da kujeru 43 ta tashi da 5.

Ku huta lafiya, ranku ya daɗe.

Naku,
wani mai ƙuri'a ɗaya tak